Talata: miliyan ɗaya, mutum bakwai

Bayan la'asar Kawu ya aiko a kira ni shagonsa da ke Tudun Wada. Su bakwai ne suka haɗa jari suka ajiye masara tun kaka, yanzu sun sayar, riba ta tashi naira miliyan ɗaya cif. Ya ce, "Malam, zo ka raba mana, kai ne mai lissafi." Na ce, "To, Kawu." Kowa ya tashi da 142,857, naira ɗaya ta yi saura, suka yafe masa ita.

Su dai magana ta ƙare, ni kuwa lambar nan ta bi ni har gida. Bayan isha'i na baje takarda a tabarma na shiga ninka ta. Sau biyu, 285,714. Sau uku, 428,571. Sau shida, 857,142. Alƙaluma shidan nan ne dai ke zagayawa kamar masu bin layin awo, na gaba ya koma baya, ba wanda ya tsallake ɗan'uwansa. Da aka kai sau bakwai sai ga 999,999, wato miliyan ba ɗaya. Can nairar Kawu ta maƙale ke nan.

Dalilin abin shi ya fi burge ni. In ka raba 1 gida bakwai da hannu, amsar 0.142857 ce tana ta maimaituwa, saurar da ke fitowa a kowane mataki kuma ita ce 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1 ta dawo. Duk saura shida da bakwai ke iya bari sai da kowacce ta leƙo. Saboda haka ko 2 ka raba ko 5, zagayen guda ne, wurin shiga kawai ya bambanta. Wanda ya latsa kalkuleta ba zai taɓa ganin wannan ba, amsa kurum za ta miƙa masa, kuma wallahi asara ce babba ga yaranmu.

Na kuma farfasa 142,857 ɗin: 3 sau 3 sau 3, sau 11, sau 13, sau 37. Mara ce, ba cika ba, kuma lambobi 32 ne ke raba ta ba saura. In ka tara alƙalumanta 27 za ka samu, 27 ɗin ma tana raba ta. Yanka ta biyu, 142 da 857, a tara, 999.

Sai na ninka ta da kanta, 20,408,122,449. Na ɗauki 20,408 na haɗa da 122,449, sai ga 142,857 ta dawo. Irin waɗannan lambobi sunan Kaprekar suke ɗauke da shi, mutumin Indiya da ya rasu a 1986. Malamin makaranta ne kamar ni, abin da ke ƙara mini ƙwarin gwiwa ke nan.

Gobe da safe ina da 'yan aji biyar. Zan karɓe kalkuletocinsu in ajiye a tebur, mu raba 1 gida bakwai a allo tare. In sun gane, aikin gida su raba 1 gida 17, alƙalumi 16 za su bi kafin zagayen ya rufe.