Dogon yaron ƙofar gidanmu ya koma benci

Duk ɗan Sakkwato ya san ruwan farko ba ya zuwa da sallama. Ka sha zafin Afrilu da Mayu sama da digiri 40 kana roƙon Allah hadari ya haɗo, to ran da zai haɗo daga gabas jar ƙura ce ke riga shi isowa, sannan iska. Haka tay yi muna daminar bara a layinmu can wajen Mabera, tsakanin magariba da isha'i, ba ta ma daɗe ba amma da gari yaw waye gida 6 babu kwano, wayar wuta na kwance ƙasa, kuma dogon yaron ƙofar gidanmu, darbejiya kenan ga mutanen Kano, ya tuge tun daga saiwa ya kwanta bisa katangar maƙwabcinmu. Allah ya tsare babu wanda yar rasu, akuya guda dai tat tafi.

Iccen nan kakanmu yad dasa shi, nan Baba da abokanshi ke majalisa tun kafin a haife ni. Laifinmu ne ma wani ɓangaren, don lokacin da anka gina kwalbati an sare mashi saiwoyi ta gefe guda an kuma zuba siminti har gindinshi, to mi zai riƙe?

Wasu sun zo da takarda sun rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, an ɗauki hoto, mun gode. Amma dai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci liman yay yi magana, kowa ya kawo abin da yas samu, mai bandir ɗin kwano, mai kusa kilo guda, mai ƙarfin jiki kawai, anka yi gayya gida gida, aka fara da na wata gwauruwa mai marayu. Baba na cewa rabonshi da ganin unguwa ta haɗu haka tun ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'ar Usmanu Danfodiyo, lokacin da mutanen ƙauyukan bakin gulbin Rima sunka cika makarantu.

Sai maganar iccen. Tun da safe masu faskare sun iso, Kawu har ya fara ciniki da wani mai gidan burodi. Nic ce Kawu don Allah ka yi haƙuri a bar gangar jikin, yac ce ke nan kai ka fi kowa wayo, icce a ƙofar gida yana tare hanya kana maganar tebur? Baba bai ce komai ba sai can yac ce a bar ma yaron nan. Ƙananan rassa anka ba matan da ke dafa ma masu gayya abinci, yara sunka kwashi na asuwaki, ganye kuma Inna ta ɗebi na sirace don zazzaɓi.

Mai injin yankan icce da munka kira ya sha wahala wallahi. Shekara da shekaru ana buga ma iccen nan kusa, na ɗaure dabba, na rataye fitila, na fostar 'yan siyasa, duk icce ya haɗiye su ba a gani, sau biyu sarƙar injin na dakushewa yana zaginmu ƙasa ƙasa. Da yat tsaga shi kuwa sai ga cikin ja kamar madaci, gefe fari. Kafintan da yay yi man aikin shi ke gaya man ai dangi ne da madacin, kuma saboda ɗacinshi gara ba ta cika son jan ba, farin gefen ne abin tsoro. Daga Indiya anka kawo shi zamanin Turawa, amma yanzu wa zai ce ma baƙo ne a garin ga.

Inda niɓ ɓata shi ne gaggawa. Kafinta yac ce Malam ɗanyen katako ba a aiki da shi, a jera falankin a inuwa a sa 'yan sanduna tsakaninsu iska na ratsawa, a shafa fenti a bakin kowane don kada ya tsage, a ɗora dutse sama, a manta da shi har bayan hunturu. Ni kuma ido ya rufe, bayan wata guda na lallaɓa na kai guda biyu wajen wani daban yay yi man ƙaramin tebur. Ai kuwa iskar hunturu na kaɗawa tebur yab buɗe baki tsakiya, yatsa na shiga, ƙafa guda kuma ta daina taɓa ƙasa. Yana nan ɗakina da kwali a ƙarƙashi, duk wanda yat tambaya sai in ce ado ne.

Sauran da sunka yi wata 8 suna shan iska su ne sunka yi kyau. Benci 3 masu kauri, ƙyaure guda da anka maye ma maƙwabcin da katangarshi tar rushe, manyan rassa kuma wani tsoho masassaƙi yas sa gizago yaf fidda ma Inna kujeru 'yan tsugunno. Na so ya yi turmi yac ce a'a ɗana, shi turmi in ana son na ƙwarai sai kirya. Ban yarda an shafa ma bencin fenti ba, sanfefa kawai da mai, har ramin kusa guda na ce a bar shi.

Matsalar yanzu inuwa ce babu. Majalisa ta koma bin inuwar katanga, da hantsi nan, da la'asar can, kuma bencin nauyi gare su sai mutum biyu, kullum mu samari ke jan su. Kawu kuwa ya kama wanda yaf fi faɗi ya maida nashi, nan yake kishingiɗa da rediyo, jiya ma har yana tambayata ko akwai sauran falanki, wai yana son akwatin littattafai.