Tsofaffin na'urori da haɗarin radiyeshon a wurin 'yan gwangwan

Duk wanda ya san harkar 'yan gwangwan a Garwa da Marwa ya san cewa ƙarfe mai nauyi shi ne abin so, domin da sikeli ake ciniki, kuma darma ta fi baƙin ƙarfe kuɗi. Abin da ke damuna shi ne kayan da suka fi haɗari ta fuskar radiyeshon, wato hasken da ido ba ya gani amma yake cutar da jiki, su ma nauyi gare su, saboda galibi da darma ake lulluɓe su.

A 1987, a birnin Goyaniya na Brazil, wasu mutum biyu suka kwance kan na'urar gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka huda shi, suka sayar wa mai gwangwan. Hodar siziyom-137, sinadari mai fitar da radiyeshon, da ke ciki tana ba da shuɗin haske cikin duhu, sai mai shagon ya ɗauka abin daraja ne, ya riƙa ɗibar wa 'yan'uwa da abokai. Mutum 4 suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka kuma gwada jikin mutum fiye da 100,000. An sake ganin irin wannan da kobalt-60 a Tailan a 2000 da Delhi a 2010. Mu ma abin bai yi mana nisa ba, tunda ana amfani da na'urori masu irin waɗannan sinadarai a aikin haƙar mai, da duba waldar bututu, da auna ƙarfin daɓen titi.

Sai dai ban yarda da tsoron da ke sa mutum gudun kowane tsohon inji ba. Injin hoton ƙashi na asibiti ba ya fitar da komai muddin ba a kunna shi ba, domin da wutar lantarki yake samar da haskensa. Tsohon agogon da aka shafa wa fentin radiyom, wanda shi ma sinadari ne mai fitar da radiyeshon, idan gilashinsa bai fashe ba, illarsa kaɗan ce. Matsalar tana farawa ne ranar da mai gyara ya buɗe shi, ya kankare fentin, ya hure ƙurar da baki, sannan ya ci goro da hannun.

Abin da ya cancanci a ja da baya shi ne ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, musamman mai alamar fikafikai uku a kan rawaya. Kada a sa masa guduma ko wutar walda, kada a kai shi ɗaki, a kore yara daga wurin, domin tazara da gajarta lokaci suna rage abin da jiki ke sha. Sannan a sanar da hukuma: Kamaru tana da hukumar kariya daga radiyeshon, wadda aka kafa a 2002 da sunan ANRP. Wanda kuma ya ga ƙuna a hannunsa ba tare da ya taɓa wuta ba, ko amai ya kama shi bayan ya yi aiki da irin wannan ƙarfe, ya gaya wa likita ainihin abin da ya taɓa da kuma inda abin yake yanzu.