Malamin Sanskrit da ya ƙi zama a ɗaki

In aka yi maganar gwagwarmayar 'yancin Indiya yawancin mutane Gandhi kawai suke tunawa, amma ni dai wanda ya fi tsaya min a rai Bal Gangadhar Tilak ne. A Ratnagiri aka haife shi a 1856, babansa malamin makaranta ne masanin Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, shi ma a ciki ya taso har ya haɗa da lissafi da karatun lauya. Kuma fa ba ƙaramin malami ba ne, a 1893 ya fitar da littafi yana ƙoƙarin gano shekarun Vedas, tsofaffin littattafan addinin Hindu, ta hanyar taurarin da aka ambata a cikinsu, shi ya sa da Turawa suka ɗaure shi a 1897 saboda rubutun jaridarsa Kesari har Max Müller, masanin Sanskrit na jami'ar Oxford, sai da ya sa baki a sake shi.

Zamansa na gidan yarin Mandalay shi ne ya fi taɓa ni wallahi. A 1908 aka yanke masa shekara 6 aka kai shi can ƙasar Bama (Myanmar ta yau), ga ciwon suga ga zafi, matarsa ta rasu a 1912 yana tsare sai dai labari aka kai masa, amma a haka ya zauna da fensir ya rubuta Gita Rahasya da harshen Marathi, sharhin Bhagavad Gita, littafin Hindu da ke ɗauke da hirar jarumi Arjuna da Krishna, abin bautarsu. Manyan malaman Hindu irin su Shankara sun fi karkata ga neman sani da barin duniya, shi kuwa ya ce a'a ku duba da kyau, Arjuna a filin daga yake ya ajiye baka ya ce shi ba zai yi yaƙi ba, Krishna kuma bai ce masa tafi daji ka yi zuhudu ba, cewa ya yi tashi ka yi abin da ya wajaba a kanka ba don kwaɗayin sakamako ba. Siyasarsa kenan gaba ɗaya, daga nan ta fito.

Akwai inda ban yarda da shi ba gaskiya, a 1891 ya yaƙi dokar da ta ɗaga shekarun kusantar yarinya daga 10 zuwa 12, yana cewa ba hurumin Turawa ba ne su taɓa addini. Yaran da abin ya shafa fa?

Bayan ya fito daga Mandalay, a 1916 aka sake gurfanar da shi, kuma lauyan da ya tsaya masa har ya yi nasara Muhammad Ali Jinnah ne, wanda daga baya ya kafa Pakistan. Tilak ya rasu a Bombay ranar 1 ga Agusta 1920.