Shekara shida a makarantar likitanci ta kuɗi, ga abinda na gani

Tunda na gama ake ta tambayata wai makarantar likitanci mai zaman kanta tana fitar da likita na gaske kuwa, ko kuɗi kawai suke karɓa. Ni dai a irinta nayi shekara shida, ba zan kama suna ba, amma zan faɗi abinda idona ya gani.

Ranar farko ginin ne ya tafi da hankalina, ajujuwa masu sanyi, majigi a kowane aji, laburare cike da sababbin littattafai. Kuma gaskiya shekarun farko ba laifi, anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri an koya mana yadda ya kamata, bamu da yawa sosai don haka malami ya san sunan kowa, in baka zo ba sai ya tambaya ina wane. Inda aka samu cikas shine gawar da ake koyo da ita, mun mata yawa, mutum biyu ke riƙe da wuƙa sauran muna leƙe ta saman kafaɗa. Jijiyoyin laka da ke fitowa daga ƙashin baya ta wajen wuya, gaɓoɓin da ake kira C5 zuwa T1, su bi ta hammata su bazu cikin hannu na haddace su tsaf a takarda amma ban gane su ba, sai ranar da wani dattijo ma'aikacin ɗakin yace in dawo bayan an tashi, ya miƙo min safar hannu yace "likita, bi ta da yatsanka har inda ta tsaya." Har yau in na ga mutum ya zo da hannu a sake wannan yammacin nake tunawa.

Da muka shiga shekarun asibiti ne ido ya raina fata. Asibitin makarantar sabo fil, ko'ina ƙal ƙal, amma gadaje da yawa babu kowa a kai. Sai kaga mu goma mun zagaye mara lafiya ɗaya kowa na son ya taɓa ciki ya saurari ƙirji, wata baiwar Allah da ta gaji damu tace "'ya'yana ku barni in huta mana," kuma wallahi tana da gaskiya. Muna da 'yan tsanan roba masu tsada da ake koyon farfaɗo da zuciya dasu, danna ƙirji sau 30 hura numfashi sau 2, sun yi mana amfani sosai ban raina ba, amma roba bata jin tsoro, bata ɓoye maka cewa ta daina shan magani, bata kuka. Ga kuma wasu manyan likitocin aro ake yi daga wasu jami'o'i, mutum yazo kwana biyu ya juye maka karatun wata guda ya tafi.

Mun kai kuka wajen wani farfesa na sashen cututtukan manya, muka ce ranka ya daɗe mu fa karatun littafi kawai muke yi. Bai yi faɗa ba, ya zaunar damu ya bamu tarihi. Yace a Amurka ma an yi zamanin da makarantun likitanci na kuɗi suka cika ko'ina, wasu ba asibiti ba ɗakin gwaji, ka biya ka zauna a lacca a baka takarda. Sai aka tura wani mutum Abraham Flexner, malamin makaranta ne shi ba likita ba, ya zagaya makarantu 155 a Amurka da Kanada ya fitar da rahoto a 1910, bayan nan da yawansu suka rufe. Amma abinda ya tsaya min a rai shine makarantar da Flexner ya ɗauka a matsayin ma'auni, Johns Hopkins ta birnin Baltimore, ita ma mai zaman kanta ce. Asibitinta aka fara buɗewa a 1889 kafin makarantar a 1893, kuma can ne wani babban likita William Osler ya riƙa kai ɗalibai bakin gadon mara lafiya maimakon barinsu a aji. Har da wata mata Mary Elizabeth Garrett da ta bada kuɗin da aka cika aka buɗe makarantar, da sharaɗin a ɗauki mata daidai da maza. Farfesa yace to kunga matsalar ba wai ta kuɗi ce ko ta gwamnati ba, ina kuɗin ke tafiya shine maganar.

Da shi da wasu suka matsa har makarantar ta ƙulla yarjejeniya da wani babban asibitin gwamnati, aka riƙa kwasarmu a bas tun da duhu. Can kam mara lafiya sai ka gaji. A nan na fara jin ƙarar zuciyar da ƙofarta ta mitral, wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, ta tsuke, wata yarinya ce 'yar shekara sha wani abu, na sa abin sauraro na kasa jin komai, rajistara, wato likitan da ke horon ƙwarewa, yace in kwantar da ita ta gefen hagu in juya zuwa ƙaramin bakin abin sauraron in ɗora a hankali kada in danna, sai gashi kamar rugugin hadari daga nesa. Na karanta wannan sautin ya fi a ƙirga, ban san shi ba sai ranar.

Bincike kuma a shekarar ƙarshe ya same ni. Nawa akan masu hawan jini ne da ke zuwa kilinik, ina son sanin nawa ne jininsu ya sauka ƙasa da 140/90 bayan an ɗora su a magani. Sai da kwamitin ɗa'a mai ba da izinin bincike ya dawo min da takardata har sau biyu saboda ban bayyana yadda zan ɓoye sunayen mutane ba, lokacin haushi naji, daga baya na gane. Na kwashe makonni a ɗakin fayil ina shaƙar ƙura, kuma fayiloli da yawa babu nauyin mutum babu tsayinsa, wasu ma awon jinin na ziyara biyu uku ba a rubuta ba. Wani abokina yace in cike guraben da lambobi masu kama da gaskiya ba wanda zai duba, kuma ba zan ɓoye ba zuciyata ta ɗan karkata don lokaci ya ƙure. Na je na faɗa wa malamar da ke duba aikina halin da nake ciki, tace "rubuta cewa babu, rashin nasu ma sakamako ne." Haka nayi, na ware shafi guda na nuna yawan abinda ba a rubutawa, kuma a wajen kare aikin wannan shafin aka fi tsayawa akai fiye da duk sauran. Bayan 'yan watanni sista mai kula da kilinik ɗin ta sa aka ajiye sikeli a bakin ƙofa, kowa sai an auna shi kafin ya ga likita.

Yanzu in iyaye suka tambaye ni ko su kai ɗansu irin wannan makaranta bana cewa eh ko a'a. Cewa nake su fara tabbatar da hukumar da ke ba likitoci lasisi ta amince da ita da kuma adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka, su tambayi manyan likitoci nawa ne nata na dindindin ba na aro ba, sannan kada su tsaya a ofishin da ake nuna hotuna, su shiga asibitin da daddare su ƙirga gadajen da ke da mutum a kai, su leƙa ɗakin haihuwa da na gaggawa su ga ko akwai ɗalibi a tsaye kusa da likitan da ke kwanan aiki.