Daga Agege zuwa bakin teku, kallon duniyar da ake jifa

Motar dare na hau daga Funtuwa a watan Fabrairun 2025, azumi saura ƙiris, zan je ɗaurin auren 'yar kawuna a Agege. Har muka wuce Kaduna da Abuja ba abin da ake ji sai minshari. Bayan mun tsallake gadar Lakwaja ne wani bawan Allah a kujerar baya ya saki saƙon murya na WhatsApp da ƙarfi. Mai maganar yana rantsuwa cewa Turawa sun tabbatar wani dutse zai faɗo daga sama ya shafe Legas a shekarar 2032, don haka duk mai ɗan'uwa a can ya kira shi ya dawo gida. Nan take barci ya watse. Wata dattijuwa ta kama salati, wani ya ce makircin Yahudawa ne, yaron mota kuwa ya ce indai ramukan hanyar Okene ba su gama da mu ba, to dutse sai dai ya bi layi.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma na san tushen zancen. Dutsen gaskiya ne, lambarsa 2024 YR4, wata na'urar hangen sama da ke ƙasar Cili ce ta gano shi a ƙarshen Disambar 2024. A lokacin an kiyasta girmansa tsakanin mita 40 zuwa 90. Lissafin yiwuwar ya bugi duniya ranar 22 ga Disambar 2032 ya yi ta hawa har ya kai kashi 3.1 cikin ɗari ranar 18 ga Fabrairu. An zana dogon layi na wuraren da zai iya sauka idan har ya zo, daga gabashin tekun Pasifik, ta arewacin Kudancin Amurka, ta tekun Atlantika, ta Afirka, har kudancin Asiya, kuma Legas tana kan layin. Abin da mai saƙon ya ci ya bar shi ne sauran kashi 97 ɗin. Na ɗan gwada bayani a motar, amma muryar waya ta fi tawa farin jini.

Da hantsi muka shiga gari ta Berger, cunkoso ya karɓe mu. Agege kuwa ba ta baƙunta Bahaushe. Daga bakin titin jirgi zuwa ƙofar gidan Kawu na ji Katsinanci da Sakkwatanci da Zazzaganci, ga mai shayi, ga mai goro, ga yaran da aka haifa a nan suna juya Hausa da Yarbanci a baki ɗaya ba gargada. Kawu ya kusa shekara hamsin a Ikko yana harkar shanu, shi har yau Ikko yake cewa.

Bayan an watse daga biki, autansa da ke karatu a jami'a ya ja ni ɗakinsa ya nuna mini wata 'yar na'urar hangen taurari, ta hannu ce ya saya a Alaba. Ya ce, "Yaya, a nan Agege hayaƙin janareta da fitilu ba sa barina in ga komai. Ka roƙar mana Baba mu je bakin teku, Tarkwa Bay, mu kwana." A ran nan lissafin dutsen ya riga ya zube ƙasa da kashi ɗaya, kafin ƙarshen watan ma aka ce babu sauran fargaba. Amma Kawu ya ji saƙon nan a masallaci kuma bai ji warwararsa ba. Da na yi masa bayani sai ya kalle ni ya ce, "Ɗana, su da suka ce zai zo, su ne suka ce ba zai zo ba? To ni ma zan bi ku in ga abin da kuke gani."

Danfo muka shiga zuwa Oshodi, daga nan wata ta hau da mu gadar Third Mainland, kilomita kusan 12 a kan ruwa, gidajen Makoko a ƙasa suna tsaye kan sanduna cikin hayaƙin kifi. A CMS muka sauka muka nemi kwalekwale mai inji. Babu hanyar mota zuwa Tarkwa Bay, ruwa ne kawai. Kawu, mutumin da ke kama ƙahon bijimi da hannu ɗaya, ya ɗaure rigar ceto har wuya, ya riƙe katako da hannu biyu, bai saki ba sai da muka wuce manyan jiragen dakon kaya da ke jiran shiga Apapa, ƙafarsa ta taka rairayi.

Mun yi magariba a kan tabarma. Zara tana yamma tana walƙiya, ita Kawu ya sani tun yana yaro. Da duhu ya ƙara shiga sai ga Kaza da 'ya'yanta kusan tsakar ka, kusa da su kuma wani farin tauraro da ba ya ƙyaftawa. Shi muka zo nema: duniyar Mushtari, wadda littattafan makaranta ke kira Jupita. Auta ya daɗe yana murɗe-murɗe kafin ya kamo ta. Abin da ido ke gani kaɗan ne, farin faifai da ratsi biyu masu ruwan ƙasa, sai ɗige-ɗige a jere a gefenta. Waɗannan watanninta ne manya, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610. Kawu ya ɗora ido, ya ɗago, ya sake ɗorawa. Na ce masa faɗin faifan nan ya ninka na duniyarmu sau 11, nauyinsa kuma sau 318, har ma ya fi na sauran duniyoyin da ke kewaya rana duka a haɗe sau biyu da rabi. Ya ce, "Ikon Allah," bai ƙara ba.

Na tambaye shi ina yake a watan Yulin 1994. Ya ce ai ba ya mantawa: an kama Abiola, ma'aikatan mai suna yajin aiki, Ikko ta tsaya cik, shanu suna ramewa a kara babu motar ɗauka. Na ce to a daidai wannan watan, tsakanin 16 zuwa 22 ga wata, ana ruwan wuta a kan faifan nan. Wata tauraruwa mai wutsiya ce, Shoemaker-Levy 9, da wasu masana uku suka gano a Amurka a Maris ɗin 1993. Tun a 1992 ta kusanci Mushtari fiye da kima, ƙarfin jan duniyar ya yayyaga ta gida ashirin da wani abu. Gutsattsarin suka jero suka riƙa faɗawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gudun kilomita 60 a daƙiƙa guda. Suna sauka ne ta bayan faifan inda ba a gani daga nan, amma da yake Mushtari tana juyawa cikin ƙasa da awa goma, ba a jimawa sai tabon ya zagayo gaba. Gutsuren da ya fi ɓarna, na ranar 18 ga wata, ya bar baƙin tabo mai faɗin sama da kilomita 12,000, wato kusan faɗin duniyarmu. Tabban sun yi watanni, har masu ƙananan na'urori sun gan su. Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya zuba ido ya ga karo irin wannan yana faruwa, kuma an san ranarsa tun shekara guda kafin ya auku.

Auta ya karɓe zancen, don nan ne inda ransa yake. Ya ce a Yulin 2009 wani mutum a Ostareliya, Anthony Wesley, yana kallo daga bayan gidansa ya ga sabon baƙin tabo kusa da ƙarshen kudu na Mushtari, manyan cibiyoyi ba su sani ba sai da ya gaya musu. Bincike ya karkata ga cewa dutse ne mai faɗin 'yan ɗaruruwan mitoci. A 2010 shi da wani a Filifin sun ɗauki walƙiyar wani karon, a Satumbar 2021 kuma wani a Barazil ya kama nasa. Duk ba ma'aikatan hukuma ba ne. Na lura yana faɗin haka yana shafa na'urarsa ta Alaba, ban ce masa komai ba, ko da yake tasa ba ta kai nan ba.

Kawu ya yi shiru, sannan ya yanke hukunci: "Ashe maigadi Allah Ya ajiye mana." Da yawa cikin masana ma haka suka daɗe suna cewa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin Mushtari tana haɗiye wasu, tana wurga wasu can nesa ba dawowa. Sai dai maigadin nan in ya kori ɓarawo, wani lokaci ta katangar gidanka yake koro shi. Tsakanin duniyar Mirriku, wato Mars, da Mushtari akwai tarin duwatsu masu kewaya rana, kuma janta ne ke zungurar wasu daga falakinsu har su gangaro ɓangarenmu. A 1770 wata tauraruwa mai wutsiya, Lexell, ta gifta kusa da mu da nisan kilomita miliyan biyu da 'yan kai. Mushtari ce ta turo ta, ita ce kuma ta fizge ta ta jefar a 1779. Ni dai a ganina ba garkuwa ba ce da za a kwanta a bayanta. Amfaninta gare mu shi ne tana nuna cewa jifan bai ƙare ba. Bayan abin 1994 ne majalisar Amurka ta umarci hukumar sararin samaniyar ƙasar, NASA, a 1998 ta nemo duwatsun da suka kai kilomita ɗaya masu giftawa kusa da mu, kuma an samo fiye da kashi 90 cikinsu. Masu mita 140 zuwa sama, waɗanda za su iya share jiha guda, har yanzu ba a gano rabinsu ba.

Da Kawu ya ce a ƙasarmu dai bai taɓa ji ba, sai na tuna masa da gida. Ranar 3 ga Oktobar 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, ɓangaren Faskari, taku kaɗan daga wani manomi da ke korar hankaki a gonarsa. Daga baya aka gano ɓallin duniyar Mirriku ne, wani karon ya fizgo shi. An yi a Mayo Belwa a 1974, an yi a Gujba a 1984. Waɗannan ƙanana ne. Babba kuwa, duk wanda ya je fataucin goro Kumasi ya kusanci ramin da ya bari: tafkin Bosumtwi, ramin da ya haura kilomita 10, ya shekara kusan miliyan ɗaya.

Wanda ya tayar wa Kawu da tsohon miki shi ne na Chelyabinsk a Rasha, 15 ga Fabrairun 2013. Dutsen bai wuce mita 20 ba, ta ɓangaren rana ya zo, ba wanda ya gan shi tafe. A sama ya fashe, nisan kilomita kusan 30. Mutane suka ga haske suka ruga taga kallo, sai bayan minti biyu ko fiye bugun iskar ya iso ya watsa musu gilashi. Kusan mutum 1,500 suka ji rauni. Wata malamar firamare da ta umarci yaranta su shige ƙarƙashin tebura, ko ɗaya cikinsu bai yi ƙwarzane ba.

Kawu ya gyara zama. Ya ce ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, da yamma, rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama. Yana Agege amma ƙasa tana rawa, tagogi suna zubewa, sama ta yi ja. Wani ya ce juyin mulki, wani ya ce yaƙi, wani ya ce tashin duniya. Babu mai cewa ga abin da ake ciki. Jama'a suka kwasa a guje cikin duhu, waɗanda suka nufi Oke-Afa suka afka wani babban magudanar ruwa da ciyawa ta rufe, na baya suna danne na gaba. Sama da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a ruwan nan, da yawa yara. Ya ce, "Ɗana, wuta ba ta kashe rabin waɗanda gudu ya kashe ba. Da an samu mai magana ɗaya da aka yarda da shi..." Bai ƙarasa ba.

Tun daga nan hirar ta sauya, kuma a nan ra'ayina ya zauna. Cikin manyan masifu, faɗuwar dutse tana cikin waɗanda ba kasafai suke zuwa ba, kuma kusan ita kaɗai ce ake iya lissafa ranarta da wurinta tun da sauran lokaci. A Oktobar 2008 an hango wani ƙarami saura ƙasa da kwana ɗaya ya iso, aka ce arewacin Sudan zai sauka, can ya sauka, ɗaliban Jami'ar Khartum suka bi hamada suka tsinto gutsattsarinsa. A 26 ga Satumbar 2022 kumbon NASA mai suna DART ya tunkuyi wani dutse da ake kira Dimorphos da gangan, ya rage masa lokacin da yake ɗauka wajen kewaya wani dutse da ya fi shi girma da fiye da rabin awa, wato ana iya karkatar da dutse in an gan shi da wuri. Duk wannan aikin wasu ne a nesa. Namu ɓangaren shi ne labarin ya iso Agege da Mile 12 da Idi-Araba daidai, da Hausa, daga bakin wanda aka yarda da shi, kafin mai saƙon murya ya riga shi. A wannan karon dai ya riga mu, tsoron ya zo da Hausa, warwarar ta tsaya a Turanci.

Kuma gwaji yana tafe. Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029 dutsen Apophis, mai faɗin kusan mita 340, zai gifta da nisan kilomita 32,000 kacal, ƙasa da inda taurarin ɗan'adam na talabijin suke. An auna shi sarai, ba zai taɓa mu ba. Amma za a gan shi da ido a Afirka da Turai, ɗigon haske yana tafiya a hankali tsakanin taurari. Kawu ya sa Auta ya rubuta masa ranar a ɗan littafinsa na lissafin shanu, ya ce in da rai shi zai kai wa liman da Sarkin Hausawa da kansa tun wata guda kafin lokacin.

Sauro da sanyin teku ba su bar mu mun runtsa sosai ba. Da gari ya waye mai kwalekwalen ya ƙara kuɗi, wai na komawa daban ne. Kawu ya tsaya a bakin ruwa, rigar ceto a wuya, ya yi ta zuba masa Yarbanci har ya rage, sannan ya ce mu yi sauri kada gadar ta cushe, yana da shanu masu sauka daga Potiskum kafin azahar.