Abin da na gani da na gwada sanin malaman kimiyya a kolejojin Tawa

A shekarar da aka ɗora mini aikin bibiyar malaman kimiyya a wasu kolejojin birnin Tawa na ƙasar Nijar da kewaye, na shiga aikin da zato guda, cewa idan ɗalibai suna faɗuwa a fizik-shimi da SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, a jarrabawar BEPC ta kammala koleji, to malamansu ne ba su riƙe darasin ba. Na zauna na tsamo tambayoyi daga tsarin karatun ajin sizyam zuwa turwaziyam, wato daga ajin farko na koleji zuwa na ƙarshe, na tara malamai a wani aji ranar Asabar, na fara raba musu takardu. Kuskurena na farko shi ne da na kira abin jarrabawa. Yawancin waɗanda ke zaune ƴan kwantaragi ne, kuma babu wanda ya manta da shekarar 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare ƴan kwantaragi jarrabawa a faɗin ƙasa, ƙungiyoyin malamai suka yi ta ja-in-ja da gwamnati, wasu kuma suka rasa aikinsu. Wani dattijo ya kife takardarsa a kan tebur ya ce mini: "Malam, in korarmu aka aiko ka ka yi, ka faɗa mana tun yanzu, kowa ya san inda dare ya yi masa." Ranar ba a amsa ko tambaya ɗaya ba. Sai da na dawo bayan mako biyu, na yanke gurbin suna daga takardun, na yi alkawarin cewa babu darektan da zai ga ta wani, sannan aka ɗauki biro.

Jinkirin ya yi mini rana, domin a cikinsa ne na sake tsarin tambayoyin. Na ci karo da binciken da Philip Sadler da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard ta Amurka suka wallafa a 2013, inda suka ba malaman kimiyya 181 da ɗalibansu fiye da 9,500 tambayoyi iri ɗaya, amma suka nemi kowane malami ya yi abu biyu: ya zaɓi amsar da ke daidai, sannan ya faɗi amsar kuskuren da yake ganin yawancin ɗalibai za su zaɓa. Sun gano cewa a tambayoyin da ke da kuskure mai jan hankalin yara, ɗaliban malamin da ya san amsa kuma ya san kuskuren sun fi ci gaba a kan ɗaliban wanda amsar kawai ya sani. Na ari wannan dabara, na ba ɗalibai tambayoyin a watan Oktoba, na sake ba su a watan Mayu.

A ɓangaren sanin darasi, zatona bai tabbata yadda na ɗauka ba. Ban sami malamin da za a ce bai san komai ba, ban kuma sami wanda ya wanke allonsa tas ba. Giɓin yana wurare ne ƙididdigaggu, musamman ga wanda ya karanci ilimin halittu a Jami'ar Abdou Moumouni aka kuma ɗora masa fizik saboda ƙarancin malamai. Irin wannan malami yakan yi bayanin numfashi da narkewar abinci kamar ruwa, amma da an zo ga lantarki sai ya ce ƙwan fitila na farko a jere yana shanye wutar, na biyu ya sami ragowa, alhali yawan wutar da ke ratsa su ɗaya ne. Wurin da malami ya yi tuntuɓe kuwa, a nan na tarar da ajinsa a watan Mayu inda na bar shi a Oktoba, wani lokaci ma kuskuren ya ƙara kafuwa tunda yanzu malami ya sa masa hannu.

Tambayar zafin bazara ta kama mutane da dama. Yara da wasu manya sun ce watan Afrilu yana ƙuna ne domin duniya ta matso kusa da rana. Gaskiyar ita ce duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, wato daidai lokacin da muke lulluɓa da bargo a Adar, yankinmu na Tawa, ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. Karkatar duniya ce ke sa rana ta tsaya mana a tsakar ka a ƙarshen Afrilu, kafin gajimaren damina ya zo ya tare ta.

Ɓangare na biyu, na hasashen kuskuren ɗalibi, shi ne ya fi ɗaure mini kai, kuma ni ma da na gwada kaina ban tsira ba. Da Faransanci ake koyarwa, amma yaron da ke zaune a benci da Hausa yake tunani, kuma Hausa tana haɗa abubuwan da littafin kimiyya ya raba. Kalmar "nauyi" ita ce ke ɗauke da "masse" da "poids" duka biyu. "Zafi" yana nufin "chaleur", yana kuma nufin "température". Man shanu a rana ya narke, sukari a shayi ma ya narke, alhali littafi ya kira na farko "fusion", na biyu "dissolution". Wuta kuwa ita ce ta murhu, ita ce ta lantarki, shi ya sa yaro ke ɗauka cewa tana cin abin da ta samu ta ƙare kamar itace. Malamai masu digiri mai kyau sun amsa tambayar sukari daidai, cewa giram 10 na sukari a cikin giram 100 na ruwa zai ba da giram 110, amma da aka ce su faɗi abin da yara za su zaɓa sai suka yi ta laluɓe. Yaran sun zaɓi 100, domin a wurinsu abin da ya narke ya ɓace.

Wadda ta fi kowa hasashe daidai wata malama ce da ba ta cikin masu manyan takardu. Na je ajinta a cikin hunturu don in ga dalili. Ta sa ɗalibai suka taɓa ƙarfen ƙofa, suka taɓa katakon benci, ta tambaye su wanne ya fi sanyi, ajin duka ya ce ƙarfe. Ba ta ce musu sun yi kuskure ba. Ta ɗauko ma'aunin zafi guda ɗaya tilo da makarantar ta mallaka, ta manna shi a jikin ƙarfen, ta manna shi a jikin katakon, ta kira wata yarinya ta karanta, lambar ta fito ɗaya. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce da Hausa: "Madam, to ma'aunin nan ya lalace." Ta yi dariya ta ce: "Madalla, ɗana, to mi za mu yi mu gane ko shi ne ya lalace ko hannunka ne ya yi maka ƙarya?" Daga nan ta kai su ga cewa ƙarfe yana janye ɗumin hannu da sauri fiye da katako, sannan ta rubuta ƙa'idar da Faransanci a allo suka kwafa. Ta gaya mini daga baya cewa minti biyar na farkon kowane sabon babi takan bar su su faɗi tunaninsu da harshen gida, ita kuma tana rubutawa a bayan littafin shirin darasinta. Wannan littafi mai kunnuwa a lanƙwashe ya fi tambayoyina amfani nesa ba kusa ba. A cikinsa na ga cewa yara suna ɗauka yumɓu ne mai sanyi da kansa shi ya sa ruwan tulu ke sanyi, ba su danganta abin da ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tulun yana bin iska da zafin ba. Na kuma ga cewa ɗan manomi zai rantse karan gero daga ƙasa da taki ya sami jikinsa, kuma yana da hujja tunda ya ga bambancin gonar da aka kai wa taki, sai dai mafi yawan busasshen karan daga iskar kabon da ruwa ganye ya gina shi da hasken rana.

Ban yarda a ɗauki abin da na tattara a matsayin hukunci a kan kowa ba, kuma na rubuta haka a rahotona. Akwai ajin da ke rumfar zana wanda ba ya fara karatu sosai sai an cire amfanin gona an sami kara, akwai makonnin yajin aiki, akwai ajin da yara suka yi yawa har malami ba ya iya ratsawa zuwa bencin baya. Akwai kuma yaran da suka shigo sizyam ba su iya karanta tambayar kanta ba, waɗanda ko malaminsu ya san kuskurensu ba a ganin alamarsa a takarda. Da na karanta wa wasu daga cikinsu tambayoyin da baki, na fassara, sai amsoshinsu suka sauya, wanda ke nuna cewa wani ɓangare na abin da nake aunawa Faransanci ne.

A taron malamai na gaba ban raba maki ba. Na rubuta tambayar ƙwan fitila a allo, na aje batir da waya da ƙwai biyu a kan tebur, na ce kowa ya fara faɗin abin da ɗalibansa za su ce. Ta wannan hanya wanda shi kansa yake da kuskuren ya sami damar jin gyara ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Dattijon nan da ya kife takardarsa shi ne ya tashi ya haɗa wayoyin, ya musanya wuraren ƙwan biyu, ya tsaya yana kallon haskensu da bai bambanta ba, sannan ya tambaye ni ko zan bar masa kayan zuwa ranar Litinin.