Lambobi biyu a takardar ƙanena

Ranar da na raka ƙanena karɓar sakamakon awon jini, shi ya ɗauko ni a babur ɗinsa na kabu-kabu tun daga Birni. Kumatu cike, shadda ta sha guga. Duk shekarar ko zazzaɓi bai kwantar da shi ba. Amma takarda ta ce yana ɗauke da ƙwayar cutar sida, CD4 ɗinsa kuma 140.

Malamar asibiti ta ga na yi zuru, sai ta ce, "Hajiya, kin taɓa buɗe rumbun da gara ta shiga? Daga waje lafiya lau yake."

CD4 su ne sojojin jini da ƙwayar cutar sida ke ci. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1500 a ɗigon jini kamar kan allura. In suka sauka ƙasa da 200, ƙofa ta buɗe wa tarin fuka da wani irin sanƙarau mai kisa. Wannan lamba ta CD4 ita ce hatsin da ya rage a rumbu. Lamba ta biyu, wadda ma'aikata ke kira sharji biral, ita ce yawan garar kanta, wato yawan ƙwayar cutar a jini. Tun 1996 bincike a Amurka ya nuna cewa mutum biyu ko da CD4 ɗinsu ya yi daidai, wanda ƙwayar ta fi yawa a jininsa shi ya fi saurin kwantawa. Ba tare da magani ba, mutum kan yi shekara 8 zuwa 10 yana yawonsa kafin cutar ta fito fili. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, don da ido na dinga auna yaron nan.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina jiran CD4 ya sauka, a fara magani nan take. A ranar aka ba shi maganin, haɗe da kotirim, ƙwayar da ke kare mai raunin jini daga wasu cututtuka, aka kuma duba shi ko yana da tarin fuka.

Bayan wata shida aka auna garar. Ana son ta kasa 1000. Tasa na'ura ma ba ta gani ba. Na yi kuka a bakin ƙofa, ban ji kunyar kowa ba.

Wani ɗan'uwanmu ya ce masa tunda ba a gani, ai ya warke, ya ajiye ƙwayoyin. Raina ya ɓaci sosai. Ƙwayar cutar tana nan a ɓoye, magani ne ya danne ta, kuma da an daina sha za ta taso. Yanzu kullum bayan sallar isha'i nakan kira shi, ba na kashe waya sai na ji ƙarar murfin robar maganin.